Shakkar Barau Wanzami

Ni ce Kande mai daddawa, Barau wanzami kuwa taubashina ne. Ubana da uwarsa ciki ɗaya suka fito, shi ya sa tun muna yara nake ce masa bawana, shi kuma ya ce mini uwar ɗaki mai warin kalwa. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa nake tona shi. Ba na ƙin Barau. Haushinsa dai nake ji, kuma ina jin da haushin nan za a kai ni makwanci.

Ƙauyenmu yana ƙasar Ruma, daji na bayanmu, Batsari na gabanmu. A nan Barau ya gaji zabirar ubansa tun gemunsa bai fito ba. Shekara arba'in da wani abu yana wanzanci, har ta kai babu namijin da aka haifa a garin nan da bai bi ta hannunsa ba. Shi ke askin suna ran bakwai, shi ke yi wa yara kaciya, shi ke kafa wa manya ƙaho idan jini ya yi musu yawa. Ranar Juma'a da hantsi za ka ga dattawa sun jeru a zaurensa, kowa ya tuɓe hula ya miƙa masa kai. Ya san ƙeyar kowa fiye da yadda matan aurensu suka san ta. Ya san mai kai kamar tulu, ya san wanda jaki ya taɓa harba a goshi, ya san inda ya yi wa kowa tsaga yana jariri.

Sai dai Barau yana da wani hali mai ƙona rai. Ba ya taɓa ba ka magana a tsaye. Ka ce masa yau za a yi ruwa, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, sai ya ɗaga kai ya ce yana shakka. Ka ce masa geron bana zai yi kyau, yana shakka. Na taɓa zuba masa miya na tambaye shi ko gishiri ya ji, mutumin nan ya lashe kwanon tas, sannan ya ce yana shakka. Na bi shi da muciya har ƙofar gida. Da haka sunan ya bi shi, yara na ce masa Barau Shakka, tsohon kekensa ma Mai-Shakka ake ce masa, don birkinsa wata rana ya kama, wata rana ya ƙi.

Amma fa ranar da Barau ya ce maka babu shakka, to, je ka kwanta ka yi barci. Ba ya faɗin ta sai ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Akwai shekarar da aka yi rikicin iyakar gona tsakanin gidaje biyu, aka kusa fitar da jini, sai da mai gari ya sa aka kira shi. Ya zagaya, ya tono wani dutse da ya ga kakanninsu sun binne yana yaro, ya ce nan ne, babu shakka. Kowa ya saɓa gatarinsa ya koma gida. Saboda yana rowar kalmar ne take da nauyi a bakinsa.

Da mutanen daji suka fara shigo mana, wannan halin nasa ya jawo masa aikin da ubansa bai taɓa yi ba. Sukan kwashi mutane a gona ko a hanya. Wasu su dawo, wasu kuma sai bayan kwanaki 'yan sa-kai su tsinto su a bakin daji, rana da ruwa sun riga sun yi aikinsu, fuska ba ta ganuwa. Riga ba shaida ba ce, don mutanen can sukan tuɓe wa wannan su sa wa wancan. To wa zai ce wane ne? Sai aka koma kiran Barau. Yakan wanke hannu, ya naɗe hancinsa da rawani, ya tsuguna ya juya kan, ya shafa ƙeya, ya duba bayan kunne da sawun ƙaho a kafaɗa. In ya gane sai ya kira sunan mutumin da na ubansa, ya ce babu shakka, a yi salla a rufe, matar ta shiga takaba, a zauna makoki. In bai gane ba ya ce yana shakka, a rufe bawan Allah ba suna. Liman ba ya ƙara tambayar kowa bayan shi. Ba a taɓa ba shi ko goro a kan wannan aiki ba, kuma bai taɓa cewa ya gaji ba. Wannan kam na shaide shi.

Ɗa ɗaya Allah ya bar masa, Almustapha, ɗan farinsa. Sauran sun koma tun suna ƙanana, uwarsu ma ta bi su. Irin kunyar ɗan fari ta mutanen da, Barau bai taɓa kiran sunan yaron nan a gaban mutane ba, sai dai ya ce wancan, ko mutumin gidan nan. Almustapha bai ɗauki aska ba, manomi ne, mai ƙarfi kamar sa, mai yawan dariya. Ya auro Ramlat daga Runka, yarinya mai sanyin hali wadda ko tsawa ba ta iya yi wa kaza. Suna da 'ya ɗaya, Hadiyya, lokacin ba a daɗe da yaye ta ba.

Da damina ne, ana maimai, wato noma na biyu. Da hantsi babura suka fito daga daji suka bi gonaki, suka tafi da maza bakwai, har da Almustapha. Aka zuba kunne a ji kira, shiru. Ran kwana goma sha ɗaya 'yan sa-kai suka tsinci gawa huɗu a wani kwazazzabo, aka kawo su a a-kori-kura, aka shimfiɗe bayan masallaci, aka rufa da ganyen bedi, wato darbejiya. Mu mata muna tsaye bayan dangar gidan Zuwaira maƙwabciyar masallaci, muna leƙe ta tsakanin kara. Ramlat na gefena, ta riƙe mini hannu har farcenta ya shige mini fata.

Barau ya zo da kansa, ba wanda ya iya ce masa ya bari wani ya duba, don babu wanin. Na farko ya ce Lado ne ɗan Kaka, babu shakka. Kuka ya tashi a gefenmu. Na biyu ma ya kira sunansa. Na uku ya ce ba namu ba ne, bai taɓa aske wannan kan ba. Da ya zo kan na huɗu sai ya daɗe. Ya juya kan, ya mayar, ya sake juyawa. Muna ganin bayansa kawai. Har liman ya matso ya ce, "Wanzam, me ka gani?"

Ya miƙe, ya kwance rawanin daga hancinsa, ya ce, "Ina shakka."

Ramlat ta saki hannuna ta durƙusa tana hamdala. Aka yi wa gawarwakin salla, aka jera su a gefen maƙabarta wajen yamma, biyu da suna, biyu babu.

Daga ranar nan yarinyar nan ta shiga wani hali da ba shi da suna. Ba matar aure ba, don ba miji a ɗaki. Ba mai takaba ba, don ba a ce ya mutu ba. Ba bazawara ba. Malamai suka ce matar wanda ya ɓata sai ta jira shekara huɗu, sannan a yi masa hukuncin mamaci. Suka ce akwai wata hanya, in ba mai ciyar da ita, alƙali zai iya raba auren kafin nan. Amma ina, Barau ya toshe wannan ƙofar. Tsoho da shi ya ɗauki fartanyar ɗansa ya noma gonar, ya cika mata rumbu, ya yi mata zanen salla, ya yi wa Hadiyya. Gari duka ana sa masa albarka. Ni ma na sa masa, Allah ya yafe mini.

Ubanta ya zo daga Runka har sau biyu zai tafi da ita, ta ƙi. Abu ɗaya take faɗa: Baba ya ce yana shakka, kuma Baba bai taɓa ƙarya ba. Da shi ne a kwance, ai Baba zai gane ɗansa. Wa zai musa mata? Duk wanda aka ji ya kuɓuto daga daji, ko a ina yake, sai ta goya Hadiyya ta hau babur ta tafi tambaya. Ta je Darini, ta je Safana, ta je wani ƙauye can da hanyarsa ko maza tsoronta suke yi. Mutanen nan sun fito a galabaice, hankalinsu rabi, in ta kwatanta musu shi sai su ce wataƙila sun ga mai irin kamanninsa. Da wannan wataƙilar za ta dawo tana murna, ta ci abinci kwana biyu, sannan ta koma ramewa. Matan Lado sun gama takaba, ɗayar ma ta yi aure har ta haihu. Ramlat tana nan tana fito da rigunan miji tana shanyawa kada su yi fumfuna.

A shekara ta biyu wani tela daga Safana, Sagiru, mutumin kirki da matarsa ta rasu, ya aiko a ji ko akwai hanya, ya ce zai jira in an sa masa rana. Ta ce a gaya masa ita matar aure ce. Ya haƙura ya nemi wata. A shekara ta uku uwarta ta kwanta ciwo, tana ta roƙon ta dawo gida ta zauna kusa da ita. Ramlat takan je ta yini ta juyo, wai kada mijinta ya dawo ya tarar ba kowa a ɗaki. Ranar da tsohuwar ta cika, tana nan garinmu tana daka. Duk wannan a gaban Barau aka yi. Yana zaune a zaure yana wasa askarsa.

Shekara uku da wata takwas ana haka. Da bazara, lokacin ɗorawa, na fita da sassafe zan duba itatuwana, hanyar kuwa ta gefen maƙabarta ta bi. Sai na hangi mutum a tsugune wajen yamma. Barau ne. Ya share wani kabari tas, ya sake jera masa ƙaya, yana gyara ƙasar da hannu kamar mai gyara wa jariri shimfiɗa. Na ƙirga daga bakin hanya, na farko, na biyu, na uku. Na huɗu ne. Na ukun da ke jikinsa ciyawa ta cinye shi, har ya lotsa. Na tsaya bayan wata bishiya ina kallo. Da ya gama sai ya zauna ya miƙe ƙafa, yana magana ƙasa-ƙasa, yana yi yana gyaɗa kai kamar ana ba shi amsa. Ban je ɗorawar ba ranar.

Na jira har masu aski suka watse, na shiga zaurensa na ja ƙofa. Ya fara wasan da ya saba, wai uwar ɗaki ta zo duba bawanta. Na ce ba wasa ya kawo ni ba, kabarin wa yake sharewa? Ya ce bayin Allah ne, lada yake nema. Na ce in lada ce me na ukun ya yi masa? Ya ci gaba da goga aska a fata har na ce zai cinye ta. Na ce, "Barau, dube ni. Ka san ni, na san ka. Wa ke cikin ramin nan?"

Hannunsa ya tsaya. Ya ce, "Shi ne."

Wallahi na zaci na shirya ji, amma sai da na dafa bango. Ya ba ni labarin ba tare da ya ɗago kai ba. Ya ce ranar sunan yaron, shi ya yi masa askin, murna ta sa hannunsa ya yi rawa, aska ta ɗan ci bayan kunnen hagu. A duk jariran da ya aske wannan ne kaɗai ya taɓa yanka. Tabon ya girma tare da shi, kamar ƙwayar wake. Ya ce ranar nan bayan masallaci, yana ɗaga kunnen gawar ya gan shi. Liman ya tambaye shi, ya buɗe baki zai kira sunan da bai taɓa kira a gaban jama'a ba, harshen ya ƙi, sai tsohuwar kalmarsa ta fito da kanta. Ya ce ya yi niyyar gyarawa da la'asar, sai ya shiga gida ya tarar da yarinyar tana murna. Ya ce gobe. Goben ta zama mako, makon ya zama wata.

Har nan na tausaya masa, na rantse. Sai na ce to wata ya wuce, shekara fa? Shekara uku fa? Nan ya faɗi wadda ta tsaya mini a wuya. Ya ce in ya faɗa, za ta yi takaba ta koma gidansu, ta tafi da Hadiyya, shi kuma ya rage shi kaɗai a gida da kaji. Ya ce da safe in yarinyar nan ta zo ta hau cinyarsa tana jan gemunsa, shi ke nan abin da ya rage masa.

Na zage shi zagin da ban taɓa yi wa namiji ba. Na ce ka ɗaure 'yar mutane kamar akuya a turke don kada gidanka ya yi shiru. Na ce uwarta ta mutu tana kiranta, kana ji. Na ce ta hau babur ta ratsa hanyar da ake kashe mutane, da jikarka a baya, tana neman wanda kai ka san inda ka rufe shi. Hawaye na bin gemunsa. Na ce na ba shi zuwa Juma'a, ko ya je wajen liman da ƙafarsa, ko ni in je, kuma in ni na je sai kasuwar Batsari ta ji. Ya ce saura wata huɗu shekara huɗun ta cika, a bari ta cika mana, ba sai kowa ya sani ba. Na ce ko kwana huɗu ba za ta ƙara ba.

Ranar Alhamis ya je wajen liman. Aka aika Runka, uban Ramlat ya zo. Aka zauna a zauren, liman da uban da Barau, ni da Ramlat muna daga bakin ƙofar cikin gida. Barau ya maimaita abin da ya gaya mini, wannan karon har ya kira sunan, muryarsa kamar ta wani. Uban yarinyar ya zabura, liman ya riƙe masa riga. Ita ko ba ta motsa ba. Na zuba mata ido ina jiran ta faɗi in tare ta, ba ta faɗi ba.

Can ta yi magana, a hankali, kanta a ƙasa. Ta tambayi liman yaushe za ta fara takaba, yau ko gobe, don ta kwance kitso. Liman ya yi gyaran murya ya ce ai takaba daga ranar mutuwa ake ƙirga ta, ko matar ta sani ko ba ta sani ba. Wata huɗu da kwana goma sun wuce tun shekara uku. Babu komai a kanta. In ta so, gobe ma ana iya ɗaura mata aure. Shi a ganinsa albishir yake mata, bawan Allah.

Ta ce, "Malam, wato ta wuce ban yi masa ba?"

Ya ce ta wuce.

Sai ta matsa ta durƙusa a gaban Barau kamar yadda take gaishe shi kullum da safe, ta ce, "Baba, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Ta tashi ta shige ɗaki. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Tsohon nan ya kife fuskarsa a kan zabira yana wani irin kuka marar sauti, ba wanda ya ce masa ya yi shiru.

Washegari ta ɗaure kayanta. Hadiyya ta ƙanƙame ƙafar kakanta sai da aka ɓamɓare ta. Na bi su a motar Runka, don ban yarda ta tafi babu wata mace kusa da ita ba. Barau yana nan har yau, yana aski, masu zuwa sun ragu. Ba a ƙara kiransa bayan masallaci ba. Yanzu in an kawo wanda ba a gane ba, haka ake rufe shi.

Da muka isa gidan ubanta, Ramlat ta ce ko ba takaba za ta zauna masa makoki. Ta kwance kitso, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta aika a gaya wa maƙwabta mijinta ya rasu. Mutane suka rasa yadda za su yi. Su sun daɗe da cire shi a lissafi, ga nasu sababbin mamatan, wa zai bar aikinsa ya zo gaisuwar mutuwar da ta shekara uku? Kwana uku muka yi a kan tabarmar nan, ni da ita, tana ɗaga kai duk lokacin da aka yi sallama. Mata biyar ne suka shigo. Biyu daga cikinsu ma aron rariya ya kawo su.